Tabar da Na Shuka a Gidan Ɗana

Na bar shan taba tun ina da ƙarfina, fiye da shekara talatin ke nan, kuma ba wa'azin wani ne ya sa na bari ba. Matata ce ke fama da ciwon ƙirji. Duk ranar da na shigo da warin hayaƙi a jikina sai ta yi ta tari, ba ta kuwa taɓa buɗe baki ta ce in daina ba. Da na ga abin ya ƙi ƙarewa sai na ɗauki tukunyar tabata na miƙa wa yayana, na ce na gama. Ya yi dariya ya ce zai ajiye mini har in dawo. Ta fashe a hannunsa kafin damina ta zagayo.

A Faru aka haife mu, ni da shi, uwa ɗaya uba ɗaya. Mahaifinmu yana da 'yar fadama a bayan gari, kuma kowace shekara idan ruwa ya ja baya sai ya ware wani lungu ya dasa taba. Ba don kasuwa yake nomanta ba, don kansa ne da abokan zamansa. Irin ma gadonsa ya yi daga nasa uban. Ganyenta gajere ne mai kauri, idan ya bushe ya sha rufi a ƙarƙashin tabarma sai ya yi duhu, ya riƙa ƙamshi kamar zumar da ta ɗan taɓa wuta. Yaya ya gaji fadamar da irin, ni kuma aka kai ni makarantar boko, na fito malamin dabbobi. Na yi rayuwata a kan babur tsakanin Maradun da Bakura, ruga zuwa ruga, ina yi wa shanu allura. A wancan lokacin ba abin kunya ba ne dattijo ya fito da tukunyar taba bayan an gama aiki. Za a zauna a inuwa, a cika ta, a sa mata garwashi, ta zaga hannu biyu ko uku ana hirar ruwa da ciyawa.

Da na yi ritaya sai na koma Faru da niyyar in ƙare kwanakina ina kiwon 'yan tumaki. Ban samu haka ba. Abin da 'yan bindiga suka mai da yankinmu ba sai na tsaya ba da labarinsa ba, duk wanda ke ƙasar nan ya sani. Gona ta gagari mai ita, hanya ta gagari matafiyi. Cikin wannan hali matata ta rasu, ciwon nata ne ya tashi a ranar da babu mai babur ɗin da zai yarda ya fita da mu. Bayan an share makoki babban ɗana, wanda ke aikin gwamnati a Talata Mafara, ya zo ya ce ba zai koma ba sai da ni.

Ba ni da abin da zan ce ya rage ni da shi. Ya ba ni ɗaki kusa da zaure, da fanka da katifa. Matarsa tana kawo mini abinci kafin in nema. Jikoki suna shigowa su durƙusa su gaishe ni su wuce makaranta. Daga nan kuma shi ke nan, sai ni da bango har azahar. Hannun da ya saba da igiya da allura da fartanya ya rasa abin kamawa. Na kan samu kaina ina murza bakin rigata kamar wanda ya yi laifi.

Wata Talata na shiga kasuwa don in miƙe ƙafa kawai. Can wajen masu kanwa da gishiri sai wani wari ya dake ni, na tsaya cik. Wani tsoho ne ya baza ganyen taba a kan buhu, masu taunawa da masu shaƙa suna saye. Na tsuguna na ɗauki ganye ɗaya na murza a tafin hannu na sansana. Ban ankara ba na ji na ce ya ƙulla mini.

Tukunyar ce ta ba ni wahala. Na zaga rumfunan masu tukwane, na tambayi masu kayan koli, babu. Wani saurayi mai sayar da sigari ya dube ni ya kwashe da dariya.

"Baba, lofe kake nufi? Ai wannan sai a hoto. Ga ta kwali nan, ba wahala."

Na ce ba ita nake so ba. Tsohon da ya sayar mini da ganyen ne ya ce akwai wata tsohuwa mai ginin tukwane a Bakura, in gwada ta.

Na same ta a tsakar gidanta, hannunta duk yumɓu, tana lailaya bakin tulu. Muka gaisa, ta tambaye ni mutanen gida da gajiya da hanya, na tambaye ta aiki da jiki. Sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Ta daina lailayar.

"Tukunyat taba? Malam, rabona da in gina ta tun maigidana na da rai. Wa ka shan ta yanzu?"

Na ce, "Ni, Inna."

Ta dube ni tun daga hula har takalmi. "Kai ba ka yi kama da wanda ad da damuwa ba."

Na ce kama ba ta nuna komai. Ta ce to, in dawo kasuwa mai zuwa bayan ta yi gashi. Da na koma sai ta fito da ita daga cikin toka, 'yar ƙarama, baƙa wuluk, ta yi mata zane a baki da tsinke. Bututun ni na yi da kaina, na samu siririyar gora na huda ta da waya mai zafi.

Bayan la'asar na zauna ƙarƙashin dogon yaron da ke bayan ɗakina na cika ta. Zuƙar farko ta shaƙe ni, na yi tari har hawaye. Tabar kasuwar tana da kaifi, tana kankare maƙogwaro, ba ta da ko kusa da daɗin tamu ta gida. Amma ban ajiye ba. Abin da ya kama ni ba hayaƙin ba ne kaɗai, hidimar ce. Sai ka zare jijiyar ganye, ka yayyanka shi siriri, ka ɗan yayyafa masa ruwa idan ya bushe da yawa. Ka zuba a hankali, ka danna da babban yatsa, ba da ƙarfi ba don kada ta toshe, ba sako-sako ba don kada ta cinye nan take. Ka kunna, ta mutu, ka sake kunnawa. In ka gama ka kaɗe tokar, ka zura gashin kaza ka goge bututu. Kafin ka farga an kira magariba. Na fara gwaje-gwaje kamar yaro, yau in jiƙa ganyen da ruwan zuma, gobe in rufe shi cikin tulu ya kwana biyu. Na san ba magani ba ce, aikin lafiya na yi ko da na dabbobi ne. Na kuma san abin da malamai da yawa suke faɗa a kanta. Ban yi gardama da kowa ba. Na dai samu abin da ke sa in jira la'asar.

Ɗana ya same ni a haka wata rana da ya dawo aiki da wuri. Ya tsaya daga nesa, sannan ya ƙaraso ya durƙusa.

"Baba, barka da yamma. Me nake gani haka?"

"Abin da ka gani."

"Ai na ɗauka ka bari tun muna yara."

"Na bari don uwarka. Uwarka ta tafi."

Ya riƙa zane a ƙasa da ɗan yatsa. Can ya ce shi ba hana ni yake yi ba, wane shi. Roƙonsa dai kada in riƙa fita da ita ƙofar gida, saboda idon mutane. Na ce na ji. Tun daga ranar nake wanke baki da asuwaki in sauya riga kafin in tafi masallaci, amma duk da haka akwai wani maƙwabci da kan ja jikinsa idan na tsaya kusa da shi a sahu.

Da na gaji da tabar kasuwa sai na shirya na tafi Maradun wajen Yaya. Shi ma ya baro Faru, yana zaune da iyalinsa a wani kangon shago da wani ɗan'uwa ya ba su aro, babu ƙyaure sai buhu. Ya rame, idonsa ɗaya ya yi fari. Muka daɗe muna gaisawa, muna lissafa waɗanda suka rasu da waɗanda ba a san inda suke ba. Sai na sa hannu a aljihu na fito da tukunyar.

Ya kai ta kusa da idonsa mai gani, ya fashe da dariya har yana riƙe ciki.

"Ban hwaɗa maka ba? Ban ce kana dawowa ba?"

Ya rarrafa zuwa ƙuryar shagon ya jawo wata tsohuwar jaka. Ranar da suka gudu, in ji matarsa, kowa na ɗibar tufafi da hatsi, shi kuwa wannan jakar ya runguma. A ciki akwai murɗaɗɗen ganye guda, ragowar girbinsa na ƙarshe, da 'yar batta ta fata. Ya yanko daga ganyen ya cika tukunyar da kansa. Muka zauna a bakin shagon, ya zuƙa ya miƙo mini, na zuƙa na miƙa masa. Ita ce, ba ta sauya ba. 

Da zan tafi ya buɗe battar ya nuna mini. Irin ne, ƙanana kamar garin yashi.

"Ni nan ba ni da ƙasa ko awa tahin hannu," in ji shi. "Kai kana da hili bayan ɗakinka. Ka gauraya shi da toka ka watsa. In ta tashi ka yanke ma sauran kai, ka bar biyu ko ukku su yi hure su yi ɗiya. Shi ke nan abin da ar rage, ba wani wuri."

Na ce ya rage wani abu a wajensa. Ya ce iri ba ya son ajiya, ya riga ya kwana biyu. Ya ƙulle shi a tsumma, na cusa a naɗin hulata. Ya kuma tilasta mini karɓar rabin murɗaɗɗen ganyen.

A hanyar dawowa 'yan sa-kai suka tare motarmu, aka ce kowa ya sauko da kayansa. Wani matashi da bindigar gargajiya a kafaɗa ya laluba aljihuna ya fito da ganyen da tukunyar. Ya ɗaga su sama.

"Ga wani nan! Tsoho, wa za ka kai ma wannan?"

Na ce taba ce, tawa ce.

"Haka kuke cewa duka. Ku ke kai musu kaya daji."

Aka zaunar da ni a ƙasa gefen titi, cikin rana, mutanen motar suna kallo. Na girmi uban yaron nan. Wataƙila ma na taɓa yi wa shanun gidansu allura. Direba ya yi ta ba da haƙuri. Daga baya wani babba a cikinsu ya zo ya sansana ganyen ya ce taba ce, a ƙyale ni. Amma kafin nan yaron ya riga ya buga tukunyar a gindin bindigarsa wai zai ga abin da ke ciki, ta rabe biyu. Ganyen ma ba su mayar mini ba. Na san abin da ya fito da su kan hanya, su ma an ƙone musu garuruwa, an kashe musu 'yan'uwa. Sanin hakan bai rage mini zafin zaman da na yi a ƙasa ba. Hular dai ba wanda ya taɓa ta.

Labari ya riga ni isa Mafara. Ɗana bai ce mini komai ba sai sannu da hanya, amma bai iya haɗa ido da ni ba.

Ba a daɗe ba Yaya ya kwanta, zazzaɓi ne da farko, kafin mu yi wani abu Allah ya karɓi abinsa. A Maradun muka binne shi, ba kusa da iyayenmu ba.

Da ruwa ya ɗauke sai na roƙi surukata ta ba ni gefen da take shuka rama da yakuwa. Ta ce, "Baba, ai gidanka ne." Na kafce ƙasar, na samo takin awaki na zuba, na gauraya irin da toka na watsa, na rufe da ciyawa. Safe da yamma ina yayyafi da gwangwanin da na huhhuda. Kwanaki suka wuce ba komai, har na fara cewa irin ya mutu. Sai wata safiya na ga kore-kore kamar an barbaɗa. Na tsuguna a wurin har gwiwata ta ƙage. Da suka yi ganye huɗu na dasa su layi-layi. Na koma Bakura tsohuwar ta sake gina mini wata tukunyar, na ajiye ta ban sa mata tabar kasuwa ba, ina jiran tawa. Ina bin ganye ɗaya-ɗaya ina cire tsutsa da hannu. Da suka kai ƙugu na yanke musu kai kamar yadda Yaya ya ce, na bar uku mafi ƙarfi. Suka miƙe suka fi ni tsawo, suka fara fure, ja-ja mai haske.

Ɗana yana ganin duk wannan. Ya kan tsaya ya duba ya wuce. A cikin watannin nan ne mutanen unguwa suka kafa kwamitin yaƙi da shaye-shaye, saboda samari sun lalace da ƙwaya da wiwi, aka kuma sa shi a cikin shugabanni. Na yi masa murna da gaske.

Ranar da abin ya faru na tafi Bakura gaisuwar rasuwar wani tsohon abokin aiki. Na dawo bayan la'asar, na zagaya bayan ɗaki don in yi ban-ruwa. Babu komai. An tuge su duka, an share wurin tas, an jera bulo a kai. Surukata tana tsaye a ƙofar kicin, da ta gan ni sai ta shige ciki.

Na same su a bola bayan layi, an watsar, rana ta dafa su, an zuba shara a kai. Na tsuguna cikin ledoji ina tonon kawunan ukun nan. Furen ya yi laushi. 'Ya'yan da suka fara fitowa kore ne shar, ba su nuna ba.

Bayan magariba ɗana ya yi sallama a ƙofar ɗakina ya shigo ya zauna a ƙasa.

"Baba, ni na sa aka cire. Ka yi haƙuri."

Ya gyara zama ya ci gaba.

"A gaban jama'a wani ya miƙe ya ce in fara da gidanmu. Ya ce kowa ya san abin da aka shuka a bayan katangarmu, kowa ya san an taɓa kama ka a hanya. Mutane suka yi dariya, Baba."

"Taba ce."

"Ni na sani. Su ba su sani ba."

"Sai ka faɗa musu. Ka kawo su su gani."

Ya sunkuyar da kai. "Ba za su tsaya bambancewa ba. Kuma ko tabar ce, da wane baki zan yi wa yaran mutane faɗa?"

Na ce, "Da ka bari sati biyu. Sati biyu kawai, 'ya'yan su bushe, da ni da kaina zan tuge maka su. Irin kakanka ne. Babanka na Maradun da shi ya gudo ya bar hatsi. Babu wani a ko'ina."

Ya ɗago ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa maras lafiya.

"Baba, ganye ne fa. In dai ita ce, ko nawa kake so sai in sa a sayo maka a kasuwa, ka sha a ɗaki."

Na ce ya tashi ya tafi, za a kira isha'i.

Na shanya koren 'ya'yan a kan faranti a cikin ɗaki. Suka yanƙwane suka yi baƙi. Na murje su duk da haka, na gauraya da toka na watsa a cikin wani fasasshen bokiti, na ɓoye bayan ƙofa ina yayyafi. Na yi wata guda ina dubawa. Ciyawa ce kawai ta fito. Ganyen da na tsinto daga bola ma bai yi ba, ɗanye aka tuge shi, ya ruɓe maimakon ya bushe.

Ban yi fushin da za a gani ba. Ina zan je? Kullum da safe yana zuwa ya durƙusa, mu gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambaye ni kwana da jiki da sanyi, in tambaye shi aiki da yara. Ya ƙara mini nama a miya, ya sayo mini sabon bargo. Ba ya tayar da maganar, ni ma ba na tayarwa. An ce kwamitinsu yana aiki sosai, har an yaba masa.

Yanzu ba na sha a gidan ko kaɗan. Bayan la'asar nakan sa tukunyar a aljihu in bi hanyar bayan gari har bakin magudanar ruwan da ke shayar da gonakin shinkafa. Akwai wani dutse a wurin da nake zama. Tabar kasuwa nake cikawa, mai kankare maƙogwaro, na daina ma wahalar jiƙa ta da zuma. Masu dawowa daga gona suna wucewa a kan babura, wasu su ɗaga hannu, wasu su ƙura mini ido.

Ranar Talata kuwa nakan zaga inda mutanen ƙauyukanmu da suka yi hijira suke zama a bakin kasuwa, masu sayar da itace da masu jiran aikin lebura. Ina tambayarsu ɗaya-ɗaya ko akwai wanda ya fito da irin tabar fadamar Faru. Yawanci ba su ma gane abin da nake nufi. Makon jiya na samu wani dattijo da ya san mahaifinmu, ya ce ya taɓa shan ta, ya ma kwatanta mini ƙamshinta daidai. Na tambaye shi ko taba takan fito da kanta a inda aka saba shuka ta, ko da ba a watsa ba. Ya ce takan yi, shekara ɗaya ko biyu. Sannan ya ce wani da ya saci jiki ya leƙa can da kaka ya faɗa masa ciyawa ta fi mutum tsawo a fadamar, kuma shanun mutanen daji ne ke kwana a ciki.